Dodon da Ya Koma Saniyar Tatsa

Sau nawa aka faɗi gaskiya a gabanku a wurin aiki, kuka san gaskiya ce, kuka sunkuyar da kai kuna latsa waya? Kada ku yi saurin amsawa, ku saurari wannan misalin tukuna.

An yi wani mai kamfanin ƙera wasannin bidiyo da ya tara matasa masu ilimi, suka duƙufa kan wasa ɗaya: jarumi riƙe da takobi yana bin manyan dodanni yana kashewa. Dodon ƙarshe shi ne abin alfaharin mai kamfanin, ya raɗa masa suna Ragargaza. Ya fi rimi tsayi, gadon bayansa kamar falalen dutse. In ya taka ƙasa allo ya girgiza, in ya yi gurnani na'urar da ke hannun mai wasa ta ɗauki rawa. Masu zane sun ƙure basirarsu a kan haƙoransa, har yawun da ke dalala daga bakinsa ana ganin ƙyallinsa. A cikin ma'aikatan akwai wata mai gwaji, wadda aikinta shi ne ta yi ta buga wasan tana neman inda ya yi ɓaraka. Wata rana, maimakon ta tunkari dodon gaba da gaba, sai ta mirgina da jarumin ta shige ƙarƙashin cikinsa, ta tsaya tsakanin ƙafafunsa na baya. Nan ta tarar ba abin da zai iya yi mata. Faratansa ba sa kaiwa wurin, jelarsa tana wucewa ta sama, wutar bakinsa iska kawai take ci. Ta tsaya tana danna madanni ɗaya, sara bayan sara, har ƙaton ya zube, jaruminta ko ƙwarzane bai samu ba.

Ta kai maganar taron ma'aikata, ta nuna a babban allo. "Yallaɓai," in ji ta, "dodon nan ba ya tsare cikinsa. Duk wanda ya gano wurin nan, faɗa ya ƙare." Gyaran kuwa sai an sake gina motsin dodon, a ɗage ranar fitowa da aka riga aka shelanta wa duniya. Mai kamfanin ya yi murmushi ya ce, "Malama, wasan maza muka yi. Wane namiji ne zai ga Ragargaza ya je ya raɓe a ƙarƙashinsa? Wannan dabarar matsorata ce." Wasu suka yi dariya don a ga sun yi. Waɗanda suka tsara motsin dodon sun san abin da ta nuna haka yake, domin su ne suka tsallake wurin saboda gaggawa, amma ba wanda ya ɗaga kai. Da ta sake tayar da zancen, aka ce tana kashe wa mutane gwiwa, aka sallame ta, aka goge sunanta daga cikin waɗanda suka yi aikin. Tallan da aka saki kuwa, fuskar dodon kaɗai ya nuna.

Ranar fitowa aka kama babban ɗakin taro, aka gayyato gwanayen wasa, ana haska komai kai tsaye a intanet. Na farko ya tunkari Ragargaza da ƙirji, dodon ya take shi, jama'a suka ɗauki tafi, mai kamfanin ya gyara zaman hularsa. Na biyu ya mirgina don kauce wa farce, tsautsayi ya kai shi ƙarƙashin cikin dodon. Ya jira bugu, shiru. Ya kai sara, ya sake jira, shiru. Sai ya gyara zama, ya saki hannu ɗaya ya ɗauki lemonsa yana kurɓa, babban yatsan ɗaya hannun yana ta danna madanni, ƙaton na can sama yana dukan iska. Daga bayan ɗakin wani ya ɗaga murya: "Kai jama'a, wannan ai saniyar tatsa ce! A miƙo masa ƙwarya!" Ɗakin ya kece da dariya. Sunan ya bi wasan duk inda ya shiga, ba a ƙara jin wanda ya ambaci haƙora ko gurnani ba. Mai wasa kamar ruwa yake, ba ya tambayar inda jarumta take, ɓaraka yake nema, kuma dodon da ba zai iya kashe ka ba, kashe shi ba ya da daɗi. Ba a jima ba kamfanin ya rufe, masu shirun nan suka bi ta ƙofar da aka fitar da mai gwajin nan. Bambancin kawai, ita ta fita da tambarin mai baƙin baki, kuma ba wanda ya taka ya je ya ba ta haƙuri.

Hausawa suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Don haka ina roƙonku, gobe idan wani a wurin aikinku ya miƙe ya nuna ɓaraka aka fara yi masa dariya, ku ajiye wayar, ku karɓi na'urar ku gwada da hannunku. In kun tarar haka ne, ku ce haka ne, da babbar murya, tun yana tsaye a cikin ɗakin.