Attajirin da Ya Ƙi Tsuguna wa Jirgi

Tunda ka ce sharuɗɗan lasisin tuƙin jirgi sun yi yawa, ƙanena, saurari abin da ya sami wani.

Wani hamshaƙin ɗan kwangila ne ya sayi ƙaramin jirgin sama, ya shiga makaranta don ya riƙa tuƙa abinsa da kansa. Likita ya gwada idonsa da zuciyarsa, ya ce lafiya lau. Ya ci jarrabawar rubutu, awoyinsa na tashi da malami suka kusa cika. Abu ɗaya ya ƙi. Kafin kowane tashi, dole ɗalibi ya tsuguna ƙarƙashin fiffike, ya tsiyayo ɗan mai a kwalba, ya ɗaga ta a haske, domin ruwa kan shiga tanki ya kwanta a ƙasa. Shi kuwa ya saba a tsuguna masa, ga shadda ta sha guga. Kullum sai ya miƙa kwalbar ya ce, "Malam, ɗan duba mana, kai ne mai sauran gwiwa." Malamin sa'an ɗansa ne, kunya ta hana shi musu. Ya duba, ya kuma sa hannu cewa ɗalibi ya iya. Wannan sa hannun ya fi komai ƙona mini rai.

Aka zo sharaɗin da ba a yi wa kowa rakiya: ɗalibi ya tashi shi kaɗai zuwa gari mai nisa, ya sauka, ya dawo. Ya isa lafiya. Yana can aka tafka ruwan sama, alhali bai ɗaure murfin tanki da kyau ba. Da aka ɗauke, ya fito da kwalbar, ya zagaya jirgin sau biyu bai gane inda ake tsiyayar man ba. Ga ma'aikata suna kallo, girman kai ya hana shi tambaya. Ya mayar da ita aljihu, ya tashi. Bai yi nisa ba inji ya yi tari, ya mutu. Jirgin ya ja ciki a gonar riɗin wani bawan Allah, saura mako biyu a yanka, ya shafe noman shekara guda. Attajirin ya fito ko ƙwarzane babu, yana zagin makanikai. Masu bincike suka miƙa masa kwalba suka ce ya nuna musu yadda ya duba man, ya tsaya yana zare ido. Maganar lasisi ta bi ruwa, malamin ma aka dakatar da shi.

Hausawa sun yi gaskiya: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.