Ɗigon Farko na Uwa Ƙasa

Eusebio ya ajiye katin duba mai zanen tsuntsu gaban Nieves, wadda zai aura, bai yarda sun haɗa ido ba.

"A aljihun 'yata na tsince shi. Jiya kuma ta ɗiga wa ƙasa kununta a gaban fasto, wai Uwa Ƙasa ke fara sha. Ke kika koya mata?"

"Tambayata ta yi, Sebio. In yi mata ƙarya?"

"To, maganar aurenmu..."

Ta miƙa masa kunun masara. Kafin ya farga, ya karkata kofin ya ɗiga wa ƙasa, yadda kakarsa ke yi.

Suka zuba wa ɗigon ido.

"Wannan ma ni na koya maka?"

Ya dire kofin bai kurɓa ba, ya fita.