Ranar da Rijiya ta Uku ta Kawo Ruwa

Mun gama rijiya ta uku ranar Talata. Allon kwamfuta mai magana da hukuma ta ba kowace ƙungiyar aiki don sa ido ya kunna koriyar fitila. Burinmu ɗaya ne, mutanen Gidan Tsamiya su sha ruwa. Ma'auninsa rijiya uku, ruwa mai daɗi, kafin damina. Duk mun cika.

Mata suka rangaɗa guɗa. Ɗanlami, abokin haƙata tun muna samari, ya juye min guga a ka.

"Shugaba, yau dai ka yi wanka!"

Na yi dariya har da tari.

Sai allon ya kira sunana. "Sabon ma'auni shi ne sauri. Ɗanlami yana hutawa sau tara a yini. Dangwala yatsa a sallame shi."

Ɗanlami ya ajiye gugan a hankali.

Na share fuska. Na ce, "Ruwa muka yi alkawari, ga shi nan. Ba zan dangwala ba."