Zaren Bakin Taga

"Na daina allurar ƙarin jinin nan, Maigida," ta ce. "Tun da aka yanke mini hanji, ko tsintsiya na ɗauka sai haki. Ba abin da ya canza."

Mijinta, tela, bai yi musu ba. Ya ja fatar idonta ƙasa kamar yadda ya saba duk mako, ya duba, ya shiga shago. Ya dawo da zare guda, ya ajiye a ƙarshen waɗanda ya jera a taga, waɗanda kullum take mitar suna tara ƙura.

"Launin cikin idonki ne nake ajiyewa," ya ce.

Zaren farko fari fat. Na yau ya kusa ja.

Ta daɗe tana kallo.

"Gobe ka tashe ni da wuri, in je allurar," ta ce.