Majinar Ɗan Mai Turaren Wuta

Zauna mana, malam, ka tsaya mini ƙerere kamar taɓarya. Daga ganin majina a hancin jariri, kai da matarka har kun yanke hukunci wai sanyi ne. Wa ya gaya muku? Ni ban yi boko ba, amma na yi yawo, kuma idona biyu. Saurara.

An yi wata mata mai haɗa turaren wuta, irin wadda dangin amare ke cika wa ƙofa. A ɗakinta take aikin, kuma kowane haɗi sai ta barbaɗa kaɗan a kasko ta ji yadda ƙamshin ya tashi. Ta haihu, ta gama wanka, ta koma sana'a da ɗanta kwance a gefe. Sai hancin yaro ya ɓalle. Majina ce fara tas kamar ruwa, ba zazzaɓi, ba tari. Amma in ya kama nono sai ya saki, ya wangale baki ya ja iska, ya fashe da kuka. Jariri ai da hanci yake numfashi. In ya toshe, ta ina zai sha? Yaro ya fara zubewa, wuya ya yi tsawo. Uwar miji ta ce sanyi ne, aka toshe taga da tsumma, aka ƙara garwashi, aka naɗe shi kamar ƙunshin goro. Maƙwabciya ta ce haƙori ne, yaron da ko zama bai fara ba! Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka ce beli ne, ba a cire shi da kyau ba tun farko, a kira wanzami ranar kasuwa ya sake sa ƙarfe. Kowa da bakinsa, ba mai tambaya.

Kafin ranar sai biki ya kama a ƙauyensu, ta goya shi ta tafi. Can suka yini a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, iskar da aka ce ita ke cutarsa tana kaɗa shi son ranta. Da la'asar ta kai bakin zane za ta share masa hanci, ta ji a bushe. Da wata ce, hamdala za ta yi ta manta. Ita kuwa abin ya tsaya mata a rai. Nono ɗaya, uwa ɗaya, goyo ɗaya, to me ke can gida da babu a nan? Ta dawo, ta hura kasko, hayaƙi bai kai rufi ba yaro ya yi atishawa, ido ya kaɗa, hanci ya sake kwancewa. Ta dubi yaro, ta dubi kasko. Ta fitar da kaskon waje, ta zare tsumman taga, ta wanke labule da zannuwan gado. Ranar kasuwa wanzami ya yi sallama da zabirarsa, uwar miji ta miƙo hannu a ba ta jikanta. Matar nan da ba ta taɓa haɗa ido da surukarta ba ta durƙusa ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, ki dube shi tukuna." Yaro na kan nono, ya kama ya ƙi saki, haɗiya kawai kake ji ƙut, ƙut. Tsohuwa ta daɗe tana kallo. Ta ɗaga hanci ta shaƙi ɗakin, ta kalli tagar da ita da kanta ta toshe. Sannan ta leƙa zaure ta ce wa wanzami tunda ya riga ya zo, ya yi wa maigidan aski.

Kada ka je ka ce na ce kowace majina hayaƙi ce. Akwai ta mura, wadda jariri zai kwasa wurin masu ɗaukarsa suna tari a kansa. Nono da share hanci sun ishe ta. Akwai wadda in ta zo da zafin jiki, ko ka ga haƙarƙari na lotsawa, sai asibiti, ba shawara da maƙwabta. Amma kafin ka ɗura wa ɗanka magani, tashi ka je ka shinshina ɗakinku. Ruwa ba ya tsami banza.