Kyamarar Jarrabawa

Da mahauta suka bar dukan ɓarawon saniyar suka juyo kan 'yata, na riga su isa gare ta. Daga Parakou ta zo kasuwar Djougou ɗaukar rahoton bidiyo don jarrabawarta ta ƙarshe ta aikin jarida, kyamararta kuma ta kama fuskokinsu, da adduna a hannu.

Na fizge kyamarar, na juya musu baya, sannan na maka ta da ƙasa na tattake. Duk da haka sai da wani ya fasa mini baki da sanda kafin su ƙyale mu.

"Baba, ka kashe mini karatu!" Kuka take a bayan babur ɗina. Na ƙara wuta.

Sai da muka wuce garin Bariénou na tsaya, na kamo tafin hannunta, na tofa mata katin memorin kyamarar da na ɓoye a baki, jina-jina.