A-kori-kurar Malam Ladan

Barira ce ta fara ba ni wannan labarin muna tsinke zogale a Limawa, kuma Barira ba ta ƙara gishiri sai a miya.

Babanta Malam Ladan yana da wata tsohuwar Fijo a-kori-kura, wadda ta tsufa har kaji sun daina ba ta hanya. Da ita yake ɗauko doya daga Paiko, ya biyo gida ya ɗauki matarsa Hajjo ya kai ta kasuwa ta sayar. Hajjon nan kuwa Allah bai yi mata rowar jiki ba.

Sai wata shekara, zamanin soja, komai ya rikice a gidan. Hajjo ta rasu, akuya ta ɓata, har dutsen niƙa wani marar tsoron Allah ya ɗauke. Don kada a bar mota a baya, ita ma kanta, wato wajen zaman direba, ya karkace dama kamar hular ɗan gaye.

To mijin Barira, Jafaru, bakanike ne a Sauka Kahuta. Kun ga abin kunya ya samu wurin zama. Duk inda motar ta gifta sai a ce, "Ga aikin Jafaru nan yana wucewa." Masu kawo masa gyara suka fara zamewa. Wani mai suna Ndaman ma a gabansa ya faɗa: "Wanda ya kasa miƙar da motar surukinsa, tawa zai taɓa?"

Barira ta matsa sai an gyara. Jafaru ya canja robobin ƙarƙashin kan motar. Ya canja shoka. Ya canja sifirin. Abin haushin, duk ranar da tsohon ya kawo ta gareji, a miƙe take zuwa kamar alif. Kwana ɗaya a gida, ta koma ruku'u. Sau uku ana haka.

"Baba, wai me kake ɗora wa motar nan?" in ji Barira.

"Doya. Ita ma a baya take. Ku bar ta mana, ba tana tafiya ba?"

Ita dai ba ta bari ba, don tukunyar gidanta ce ke neman yin sanyi. Ran nan yana masallaci sallar la'asar, ta buɗe motar, ta turo kujera gaba. Sai ga wani buhu a ɗaure, can gefen dama. Ta jawo shi da kyar, bayanta har yana ƙara, ta ja shi bayan rumbu ba ta tsaya kwancewa ba. Mota ta miƙe tsaf. Barira ta kaɗe hannu, ta ga ta fi bakanike.

Malam Ladan ya dawo, ya shiga, ya ɗora hannu kan makulli. Ya waiwaya damarsa. Ya daɗe a haka, bai tayar ba. Sannan ya fito a hankali.

"Ta miƙe," ya ce. "Madalla."

Ranar ko tuwo bai taɓa ba. Sai a lokacin Barira ta zagaya ta kwance buhun.

Jafaru kuwa, ta ce masa ya nemi suna a jikin wata motar. Washegari, kafin tsohon ya dawo daga sallar asuba, ta mayar da dutsen niƙan nan inda ta ɗauko shi, naɗe cikin zanen uwarta, a gefen da Hajjo ta shekara ashirin tana zama.